Haƙurin Kwance Da Haƙurin Tashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, akwai tambayar da na yi watanni ina kwana da ita a kan shimfiɗa. Idan Allah Ya jarrabi bawa da karaya ko shanyewar jiki, mece ce yarda da ƙaddara? Ya kwanta ya jira, ko ya tashi ya wahalar da kansa wajen neman lafiyar da aka karɓe masa?

Ni ɗan Tirmini ne, ina karatu a jami'ar Damagaram. A daminar bara na faɗi a kan babur ina hanyar gida, ƙashin cinyata na dama ya karye. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta ƙage. Likita ya ce haka gaɓa take idan ta daɗe ba ta motsi: sai ta sandare, naman cinya kuma ya zube. Ya ce tafiya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 60, zama a kujera kamar 90, zaman tahiya kuwa sai ta kai wajen 150. Tawa ko na tafiya ba ta cika ba.

Sai aka tura ni wurin masu gashi, waɗanda a nan muke ce wa kine. Sau uku a mako ake ɗauko ni daga Tirmini, tafiyar sama da kilomita 20, a kwantar da ni a danna ƙafar har hawaye su zubo. Da na yi mako biyu sai na daina zuwa. Na ce wa mahaifiyata na bar wa Allah. Masu zuwa dubiya suka riƙa yabon haƙurina. Har hujja nake da ita, domin sahabi Imrana ɗan Husaini, da ciwo ya dame shi, Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi damar yin salla a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda ya zo a Buhari. To, tun da shari'a ta ɗauke mini durƙuso, don me zan azabtar da kaina?

Wata Juma'a bayan zikiri muƙaddaminmu ya biyo. Ya ce, "Ɗana, me ya hana ka komawa gashi?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, na yarda da abin da Allah Ya hukunta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da a ce gashin nan ba shi da zafi, da ka bari?" Na rasa amsa. A daren na gane cewa tsoro ne ya zaunar da ni, na kuma sa masa rigar tawakkali don kada a gane shi. Wannan tsohuwar dabarar nafsu ce. Ba ta zuwa wa almajiri da sunanta; sai ta aro sunan wani muƙami mai daraja.

Mu dubi Annabi Ayyuba (A.S.), wanda da shi ake buga misali a haƙuri. A Suratu Saad, lokacin da waraka ta zo, an umarce shi ya doki ƙasa da ƙafarsa, sannan ruwan wanka da na sha ya fito. Mai ikon fitar da ruwan ba Ya buƙatar ƙafar majinyaci, amma Ya so bawansa ya motsa. Haka aka umarci Nana Maryamu ta girgiza kututturen dabino tana cikin halin haihuwa. Ke nan riƙo da sababi ladabi ne ga Wanda Ya halicci sababin.

Kalmar riyala ma da muke ji a bakin shehunnanmu, asalinta a Larabci horar da doki ne, kuma da ita Larabawa suke kiran motsa jiki a yau. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware babi guda a Ihya'u a kan riyalar nafsu. Da na koma gashi sai na ga hanyar ɗaya ce. Lazimi adadi ne sananne, safe da yamma, ko kana jin daɗinsa ko ba ka ji. Haka atisayen da aka ba ni: lanƙwasa kaza, ɗagawa kaza, kullum. Wanda ya tara na mako ya yi a rana ɗaya sai dai ya kumbura gwiwa. Wanda ya dawwama a kan kaɗan shi yake ganin canji.

Sai dai kada a fahimce ni baibai. Akwai waɗanda suka yi duk abin da aka ce, ƙafa ba ta dawo ba. Muna ganin 'yan'uwanmu da shan inna ta taɓa tun suna yara, suna tuƙa kekunansu da hannu a titunan Damagaram, suna neman halalinsu. Wa zai ce sun gaza a ƙoƙari? Ni kaina har yau ban iya zaman tahiya ba. A gefen da'irar wazifa nake zama, ƙafa a miƙe. A nan ne gurbin yarda yake. Aiki ne aka ɗora mini, sakamako kuwa ba a hannuna yake ba. Kuskurena shi ne na kai yarda wurin da ake neman himma. Wani kuma kuskurensa ya yi himmar, sannan ya yi fushi da abin da aka ba shi. Haƙurin kwance yana da lokacinsa, sa'ad da ƙashi bai haɗe ba. Idan ya haɗe, haƙurin da ake nema shi ne na tashi, kuma a ganina ya fi nauyi.

Akwai haƙƙi a kanmu mu 'yan zawiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne suke da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfane su, don haka da wuya a rasa ɗaya a kowace unguwa. Mun iya cika ɗakin majinyaci a makon farko, amma a wata na uku, lokacin da kuɗin mota ya ƙare, zuciya ta yi sanyi, sai ɗakin ya zama wayam. A lokacin ne yake buƙatar mai kai shi gashi da mai riƙe masa kafaɗa ya yi taku goma a tsakar gida. Idan kuma ya ce ya bar wa Allah, kada mu yi saurin yabo ko zargi. Mu zauna kusa da shi, mu tambaye shi a hankali abin da yake tsoro.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya ba mu himma a wurin aiki da yarda a wurin hukunci, albarkar Annabi (S.A.W.) da Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A.). Amin.