Lissafin Kicin da Tawakkali

Akwai masu ganin cewa magidancin da ya zauna da biro da takarda yana lissafin kuɗin gina ɗan kicin, tun daga bulo da kwano har tukunyar gas, ya nuna raunin tawakkali. Hujjarsu ita ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, don haka a fara aiki kawai, saura zai zo. Wannan fahimta ba ta da madogara. Annabi Yusuf (AS) ya tsara ajiyar hatsi na shekara 7 saboda yunwar da ke tafe, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda. Babu wanda ya kai su dogaro ga Allah, amma sun auna, sun ajiye.

Wani zai ce kicin bai kai a jawo masa annabawa ba. To ai a nan ake cin bashi. Sau da yawa iyayen amarya kan jera kuloli da na'urorin lantarki waɗanda rashin wuta zai hana a kunna, alhali babu tagar fitar hayaƙi, babu magudanar ruwa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu kashe dukiya tsakanin almubazzaranci da ƙwauro, kuma ba a gane wannan tsakiyar sai an ƙirga abin da ke hannu. Gaskiya ne lissafi kan ja wasu zuwa rowa, amma wannan ciwon zuciya ne, ba a warkar da shi da yaga takarda. Mai shirin gini ya fara da murhu, taga da wurin ajiyar hatsi, kuloli su jira.