Tsirkiyar Da Ta Yi Shiru

Karatu: Zabura 33:1-3, Matiyu 5:23-24

In ka taɓa leƙa majami'a ranar Asabar da yamma lokacin da mawaƙa ke gwaji, ka san yadda sabon mai koyon jita yake yi. Ya kama C da hannun hagu, ya share tsirkiyoyi gaba ɗaya da hannun dama, ƙasa, sama, ƙasa. Ga ganga, ga tafi, ga lasifika. Kowa ya ce yaron nan ya iya.

Sai mai koyarwa ya sa a tsayar da ganga, ya ce, "Ɗana, kaɗa mini su ɗaya bayan ɗaya."

Jita tsirkiya shida gare ta, daga siririyar ta ƙasa ake fara ƙirge. A kamun C ba a taɓa ta shida. Yatsan zobe yana danne ta biyar a gaɓa ta uku, na tsakiya yana kan ta huɗu a gaɓa ta biyu, manuni yana kan ta biyu a gaɓa ta fari. Ta uku da ta ɗaya a sake suke, su yi kukansu da kansu. A hannun dama kuwa, babban yatsa ya taɓa ta biyar da ta huɗu, sauran ukun su ɗauki ta uku, ta biyu, ta ɗaya, a hankali, a sake dawowa.

Ta biyar ta amsa. Ta huɗu ta amsa. Aka zo ta uku, sai "tif", kamar an bugi kwali. Ashe tun da ya fara koyo tsirkiyar nan ba ta taɓa yin magana ba, ƙarar sauran ce ta rufa mata asiri.

Mu jama'ar Fentikos muna son yabo da ƙarfi, ba kuwa laifi ba ne. Mai zabura ma sowa ya nema. Amma a aya guda ya haɗa sowar da gwanintar kaɗi. Cikin taro, muryar mutum ɗari tana ɗauke taka. Kana iya ɗaga hannu, ka yi rawa har gaban bagade, alhali addu'arka ta ɗaki ta yi wata uku a mace. Fasto ba zai ji ba. Ubangiji kuwa ɗaya-ɗaya yake sauraro.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Tsirkiyar da ta yi shiru lafiyarta ƙalau. Yatsan tsakiya ne, wanda yake danne tasa daidai, ya kwanta har namansa ya jingina da maƙwabciya ya shaƙe ta. Yana aikinsa, yana kashe na wani, bai ma sani ba.

Wa ya yi shiru saboda kai? Wata 'yar'uwa da ka gwale a gaban mutane, tun ranar ba ta ƙara ɗaukar waƙa ba? Matarka, da ba ta gama magana a gida sai ka katse ta? Yaron da ka yi wa dariya sa'ad da ya yi tuntuɓe cikin addu'a? A karatunmu na biyu Yesu bai tsaya kan wanda kake fushi da shi ba. Maganarsa a kan wanda yake da damuwa game da kai ce, kuma ya sa sulhu da shi gaba da baiko.

Mai koyarwa ba ya cire yatsan, gyara masa zama yake yi. A yanke farce, a lanƙwasa yatsa ya tsaya da kansa, a danna dab da ƙarfen gaɓa. Da zafi kam. Sai kan yatsa ya yi kanta kafin ya daina. Kuma ba a gaggawa, gara minti goma kullum a hankali da awa biyu na hayaniya.

Yau, kafin ka kwanta, kashe waya ka zauna. Kira sunayen mutanen gidanka da na ƙungiyarka ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Inda ka ji suna ya yi maka nauyi a baki, kada ka tsallake. Nemi mutumin kafin Lahadi.

Addu'a: Ya Uba, ka tsayar da hayaniyata ka saurare ni. Ruhu Mai Tsarki, nuna mini wanda na danne, ka ba ni ƙarfin hali in je wurinsa. Cikin sunan Yesu. Amin.