Kibiyar da Aka Saki Cikin Ruwan Sama

Akasarinmu a nan Kurudu 'yan kasuwa ne, rabonmu da kwari da baka tun muna yara a ƙauye, wasunmu ma ba su taɓa ja ba. Amma naman daji bai daina shiga tukwanenmu ba. Mai bin hanyar Orozo zuwa Karshi yakan ci karo da wanda ya ɗago masa gada ko zomo a bakin titi, mu tsaya, mu yi ciniki, mu kai wa iyali. Don haka tambayar wannan Juma'a tamu ce: ya dace maharbi ya saki kibiya kan gada ko mazo alhali ruwan sama na zuba?

Maharba sun san abin da ke jan mutum ga hakan. Ruwa yana jiƙa busasshen ganye, tafiya ba ƙara, ƙarar ruwan kuma ta rufe motsinka, sai ka matso kusa da dabba ba ta ankara ba. To, amma kibiya ba kasafai take kayar da dabba nan take ba. Jini take zubarwa. Dabbar za ta zabura ta shige ciyawa, shi kuma ya bi ɗigon jini har inda ta faɗi. Ruwan da ya taimake shi ya kusance ta, shi ne zai wanke jinin, ya shafe sawun. Ga tsirkiyar fata idan ta jiƙe sai ta saki, harbi ya rage ƙarfi. Ka ga ke nan sa'ar da harbi ya fi sauƙi ita ce sa'ar da samun abin da aka harba ya fi wuya.

Malamanmu ba su bar wannan ba. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya hana cin dabbar da aka harba aka tarar da ita ta mutu cikin ruwa, domin ba a san ko kibiyar ce ta kashe ta ko ruwan ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya haɗa ruwa da makami mai dafi cikin abubuwan da ke sa shakka kan ainihin abin da ya yi kisan, mu kuwa mun san maharbanmu da dafin kwankwani. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo maganar dabbar da ta ɓace wa maharbi har ta kwana: akwai masu hana ci, akwai masu sassautawa idan an samu kibiyar a makasa. Da damina, ga kwazazzabai cike, ga ciyawa ta fi mutum tsayi, duk waɗannan shakku sai su taru a kan dabba guda.

Sai dai mu a ganinmu maganar ta wuce a ci ko kar a ci. A ce maharbin mai tsoron Allah ne, ya ce in bai same ta da wuri ba ya haƙura da naman. Madalla, ya tsare cikinsa. Ita dabbar fa? Tana can cikin ƙaya da ƙarfe a haƙarƙarinta, kwana ɗaya, kwana biyu, ƙuda na bin ciwon, har ta zama mushe. Idan mai shayarwa ce, ɗanta ma ya bi ta. Hadisin Shaddadu ɗan Aus ya koyar da mu kyautatawa hatta wajen kisa, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Wanda aka umarta ya rage wa rago wahalar daƙiƙa kaɗan, yaya zai ɗauki wahalar kwana biyu ba komai ba?

Wani zai ce: Malam, ai ko da rani ana harbi dabba ta ɓace. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya kuɓuce maka bayan ka yi iya yinka, da abin da kake kallo da idonka tun kafin ka ja tsirkiya. Mai harbi cikin marka ya san jinin ba zai tsaya ba. Wani kuma zai ce yunwa fa? Wannan hujja ce mai nauyi, ba mu raina ta. Watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, magidanci ya ga nama a gabansa. Ba mu ɗora masa laifin da muke ɗora wa mai yi don nishaɗi, wanda Risala ta ce makaruhi ne ko da rana tsaka. Amma ko shi, in zai iya, ya jira ruwa ya ɗauke. Jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwa ai ta fi kowace ƙasa riƙe sawu.

Kakanninmu ba a banza suka ajiye babbar farauta sai bayan kaka ba, lokacin da amfanin gona ya shiga gida, ciyawa ta bushe. A Ingila kuwa dokar 1981 ta haramta harbin namun daji da baka gaba ɗaya. Ba mu ce a kai can ba, tunda shari'armu ta halatta kibiya, da sharuɗɗanta.

Saura mu masu kuɗi a aljihu. Maharbi na shiga daji cikin ruwa ne don ya san akwai mai saye, kuma kyafaffen nama ba ya faɗin yadda ya mutu. Mu tambaya: wa ya harba, ya ambaci sunan Allah, ya same ta da rai ya yanka ko tsintar ta ya yi washegari? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ya fara kame-kame, mahautar Karu ba nisa.