Mas'alar Jinjimi: Yabo, Zargi da Girmamawa ta Gaskiya

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwana, wannan magana ce taƙaitacciya a kan tsuntsun fadama da ake ce wa jinjimi, da mas'alar da ke cikin sha'aninsa: shin wanda ya yabe ka ya girmama ka ke nan?

Fasali na farko, siffarsa. Jikinsa fari ne, kansa da wuyansa baƙaƙe, babu gashi gare su in ya manyanta. Bakinsa dogo, ya tanƙwara kamar lauje. Yana takawa a ruwa marar zurfi, yana cusa baki cikin taɓo, ya gane abincinsa da taɓawa ko da idonsa bai gani ba. Cimarsa tsutsa da fara da kwaɗi da ƙaguwa da ƙananan kifi, kuma ba ya ƙin mushe, ba ya ƙin juji. Suna sheƙa jama'a guda bisa itace, tare da balbela da zalɓe. Macen takan yi ƙwai 2 ko 3, ita da namijin su yi karɓa-karɓa wajen kwanci, kimanin kwana 28. Tsuntsu ne mai yawan shiru.

Fasali na biyu, masu yabonsa. Mutanen Masar na dā sun jingina shi ga gunkinsu Tahut, wanda suka ce shi ne ma'abucin rubutu da hikima. Suka riƙa kashe shi, su naɗe gawarsa da likkafani, su sa a tukunya, su binne domin neman biyan bukata. An ƙiyasta kimanin miliyan 4 a kabarin Tunal Jabal, fiye da miliyan 1 kuma a Sakkara. Binciken da aka fitar a shekara ta 2019 ya rinjayar da cewa daga jeji ake kamo su, ba asalin kiwo ba ne. Sa'an nan zamani ya juya, aka yi ta busar da fadamun Nilu domin noma, har wajen shekara ta 1850 jinjimi ya ƙaura daga Masar. Sunansa ya saura a jikin duwatsu, shi kuwa babu.

Fasali na uku, masu zarginsa. An kai shi wani gidan dabbobi a yammacin Faransa, aka bar shi yana tashi yadda ya so. Ya fita, ya hayayyafa har dubbai, ya kama cin ƙwan waɗansu tsuntsayen bakin teku. Daga shekara ta 2007 aka shiga harbinsa, a 2016 Tarayyar Turai ta rubuta shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. Alhali ba shi ya kai kansa ba, kuma abin da ya yi can shi ne abin da yake yi tun asali.

To, duba da idon basira. Tsuntsu ɗaya, hali ɗaya. Waɗannan suka ɗaukaka shi suka kashe shi, waɗancan suka zarge shi suka kashe shi. Yabo bai ƙara masa gashi ɗaya ba, zargi bai rage masa ɗaya ba. Abin da ke raya shi daban ne: ruwa mai kwanciya, da taɓo, da itacen sheƙa.

In mai tambaya ya ce: ashe yabo banza ne, alhali da shi ake ƙarfafa mai kirki? Sai mu ce: yabo iri biyu ne. Akwai wanda ke duban bukatar abin yabon, akwai wanda ke duban bukatar mai yabon. Na biyun ciniki ne da aka sa wa rigar girmamawa. Alamar rarrabe su ɗaya ce: ka tambayi abin da mai yabon ya bari na son ransa dominka. In bai bar kome ba, kansa yake yabo. Son zuciya ɓacin zuciya.

Mas'alar tana ƙofar gidanmu. Jinjimi yana nan a fadamun Haɗeja da Nguru da gefen Tafkin Chadi, kuma tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun nan ta ragu. Inda jinjimi ya rasa taɓo, can masunci ke rasa kifi, makiyayi ya rasa ciyawar rani.

Saboda haka riƙe abu biyu. In an yabe ka ko an zarge ka, koma ga aikinka, gama ba ka sauya ba. In kuwa kai ne mai girmamawa, ga uwa ko malami ko maƙwabci, kada ka tsaya ga kirari. Nemi sanin fadamarsa, wato abin da rayuwarsa ta dogara a kai, ka tsare masa ita tun yana da rai.

Tamat.