La'adar Dillali da Haƙƙin Ɗan Haya

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, ga kuma 'yan'uwa da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, ɗaki ya yi daraja a Nasarawo. Bayan cire tallafin mai a 2023 siminti ya tashi, duk da Ashaka na nan kusa da mu. In mai gida ya ce gyara ya yi tsada, gaskiyarsa ne.

To, dillali fa? A da, dillalin unguwa ya san mai gida, ya san ɗan haya, kunya na taka masa birki. Yanzu hoton gida ɗaya sai ya zaga WhatsApp da Facebook a hannun mutum huɗu, kowa ya ɗora nasa, ga kuɗin gani kafin a buɗe ƙofa. Wani ma har ya je ya ce, "Alhaji, fitar da shi, ina da mai ba da ninki."

Mu 'yan kasuwa ba ma ƙin riba. Dillanci sana'a ce halal, la'ada kuwa ladan wahala ce. Amma malamanmu sun karantar da mu haramcin zuga farashi da ƙaryar mai saye, da shiga cinikin wani. Kuma gida ba buhun masara ba ne: in ka tashi magidanci, ka tashi yaransa daga makaranta, ka raba shi da maƙwabtan da za su yi masa jana'iza.

Shawararmu, a faɗi la'ada tun farko, a rubuta gaban mai unguwa, mai gida kuma ya ba da wa'adi kafin ƙari. Allah ya sa mu dace.