Wa Ya Ba Alƙali Kujera?

A finafinanmu mugun alƙali ba ya ɓuya, a zaure yake karɓar toshiya, kyamara na kallonsa. Na zahiri fa?

A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 masu sanƙarau 11 suka rasu. Da aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin da gwamnatin Kano, wadda ita ma ta sami kasonta, su suka naɗa kwamitin tantance masu karɓar diyya.

Ni ban ce wani ya ci ko kwabo ba. To amma uban da ya binne ɗansa, da wace zuciya zai karɓi "ba ka cancanta ba" daga bakin wanda abokin shari'arsa ya zaunar?