Gyaɗar da ke Tsakiyar Buhu

Ya mai karatu, ko an riga an yi maka baftisma, ko kuwa kana cikin masu tambaya tukuna, ka saurara, gama maganar nan taka ce.

A ce kai manomi ne a Gafasa. Kaka ta yi, ka ɓare gyaɗarka, amma wani kashi bai bushe sarai ba. Ka sani mai laima ta fi nauyi. Sai ka zuba ta a tsakiyar buhu, ka rufe sama da ƙasa da busasshiya, ka ɗinke, ka kai kasuwar Gaya. Mai saye ya tsoma hannu a bakin buhu, ya ji ƙalau, ya biya. Zuciyarka kuwa ta ce, “Wa na cuta? Ai ɗan kasuwa ba ya rasawa.”

Amma buhu ba ya tsayawa wurin wanda ya saya. Tun da hanyar jirgi ta iso Kano a 1911 gyaɗar ƙasar nan ta saba tafiya mai nisa. Cikin duhun buhu laimar nan takan haifi fumfuna, fumfunar kuwa takan fid da wani dafi wanda masana ke kira afulatoksin. Suya ba ta kawar da shi duka, yana kuwa cin hanta a hankali. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. A 2004 kuma mutum 125 suka mutu a Kenya don sun ci masara mai irin wannan dafi. To, gyaɗarka fa? Watakila wata mai ƙuli-ƙuli ce za ta auna, yaron da ba ka taɓa gani ba ya saya da kuɗin da uwarsa ta ba shi.

Haka ya zama ga Akan, cikin Littafin Joshuwa sura 7. Ya ɗauki tufa mai kyau, da azurfa shekel 200, da zinariya, cikin abin da Ubangiji ya haramta, ya binne a alfarwarsa. Mutum 36 suka faɗi a yaƙin Ai, ba ko ɗaya cikinsu da ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan. Tun Joshuwa bai san kome ba, Ubangiji ya riga ya sani.

Kada fa ka zaci Allah kamar dogari ne mai laɓewa don ya kama ka. Yana ganin tsakiyar buhun domin yana ganin yaron nan kuma. Shi ya yi ku duka biyu, kukan uwarsa kuwa gare shi zai kai. Kai ka ga ciniki ɗaya kaɗai, shi ya ga hanyar duka har ƙarshenta.

Yesu Almasihu ya mutu domin wannan zunubi ma, ba ya kuwa korar wanda ya zo ya faɗi gaskiya. Amma ka tuna da Zakka mai karɓar haraji, wanda sa'ad da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. In buhun yana ɗakinka har yanzu, ka farke ɗinkin yau, ka shanya, ka tsince ruɓaɓɓu ka binne, kada ka ba kaji ma. In ya riga ya tafi, ka san fuskar wanda ya saya, ka kuma san ranar kasuwa.